Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Rumawa Suka Yi da Masu Sace Mutane

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga Birnin Gwari a Jihar Kaduna, ya rubuto yana cewa ya sha jin ana yabon hikimar Rumawan da can wajen yaƙi da sanin halin ɗan Adam. Shin sun taɓa fama da masu sace mutane don kuɗin fansa kamar yadda yankinsu ya yi? In sun taɓa, yaya suka ƙare?

AMSA: To Malam, sun taɓa kuwa. Sai dai su nasu dajin ruwa ne, wato tekun Bahar Rum, inda 'yan fashi ke tare jiragen fatake, suna afka wa garuruwan gaɓa. Wajen shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har Julius Kaisar suka kama yana saurayi, ya kwana 38 a hannunsu kafin a biya fansa. Da ya kuɓuta sai ya tara jirage, ya kamo su, ya sa aka gicciye su. Ya huce haushinsa, amma fashi bai tsaya ba. A shekara ta 68 'yan fashin sun kai hari Ostia, tashar jiragen da ke ciyar da birnin Rum, hatsi ya yi tsada, talakawa suka fara kuka.

A shekara ta 67 aka ɗora wa wani janar mai suna Pompey aikin. Ya raba tekun gida 13, kowane yanki da kwamandansa, ta yadda in an koro ɓarayi daga nan ba su da wurin fakewa can. Cikin kimanin wata uku ya gama da su. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalin masana. Mutum wajen 20,000 da suka faɗo hannunsa bai kashe su ba, bai kuma sake su haka nan ba. Ya zaunar da su a garuruwa irin su Soli, a kudancin Turkiyya ta yau, ya ba su gonaki. Marubucin nan Plutarch ya bayyana dalilinsa: ba a haifar mutum da halin namun daji, sabo ne ke lalata shi, kuma sauyin wuri da sana'a na iya gyara shi.

To amma duniya rawar 'yan mata ce. Pompey ya yi yaƙin basasa da Kaisar, ya sha kaye, aka kashe shi a Masar a shekara ta 48. Ɗansa Sextus ya kama tsibirin Sisili, ya riƙa tare jiragen hatsin Rum, har sai da aka murƙushe shi a shekara ta 36. Wato da manya suka shiga rigimar mulki, teku ta sake zama abin tsoro.

Mu dawo gida. Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, ga dazukan Neja da Katsina kusa, shi ya sa in jiha ɗaya ta matsa, sai a tsallaka wata. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska, gwamnatin tarayya ta amince a kafa bataliyar soja a yankin. A 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A watan Nuwamba na 2024 kuma Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu. Ke nan an gwada sanda, an gwada sulhu.

Darasin Pompey shi ne ya haɗa biyun, kuma a jere: ya toshe duk mafaka a lokaci guda, kana ya ba waɗanda suka ajiye makami abin yi. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a manta ba. Soli kusan kango ne a lokacin, domin Sarkin Armeniya ya riga ya kwashe mutanensa, saboda haka ba gonar kowa aka ƙwace ba. A Birnin Gwari kuwa gonakin suna da masu su, waɗanda aka kora, aka kashe wa 'yan uwa, wasu suka sayar da abin hannunsu don biyan fansa. Sulhun da ya kula da mai bindiga ya bar manomi da makiyayin da aka zalunta, ba zai yi ƙarko ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.