Idan nginx ta ƙi karɓar sabon saiti: dalilai da matakan gyara

A kan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafukan intanet, akwai manhajojin da ke aiki dare da rana. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce nginx, wadda ɗan ƙasar Rasha Igor Sysoev ya fitar a 2004. Duk lokacin da mai kula da rezo ya canza saitinta, sai ya umarce ta ta sake karanta shi da systemctl reload nginx.

Yadda take aiki

Wannan umarni ba ya kashe manhajar. Sigina kawai yake aika mata. Sai ta duba sabon saitin, ta gwada buɗe fayilolin da ƙofofin rezo da aka ambata a ciki. In komai ya yi daidai, ta koma kan sabon ba tare da katse masu ziyara ba. In an samu cikas, ta ci gaba da tsohon.

A nan haɗarin yake. Shafi na tafiya, kowa na zaton gyara ya shiga, alhali saitin da ke ajiye gurɓatacce ne. Ranar da wuta ta ɗauke, sabar ta sake tashi, nginx ba za ta tashi ba. Haka kuma takardar tsaro ta Let's Encrypt, mai wa'adin kwana 90: ko an sabunta ta, tsohuwar za a ci gaba da nuna wa jama'a har ta ƙare.

Matakan bincike

1. Gwada saitin da nginx -t. Yana faɗin sunan fayil da lambar layin da kuskure yake. Galibi alamar ; ce aka manta, ko } da ba a rufe ba, ko adireshin takardar tsaro da babu ita.

2. Karanta /var/log/nginx/error.log da journalctl -u nginx. Wasu matsalolin a can kaɗai suke bayyana, domin systemctl na iya yin shiru bayan aika sigina.

3. Duba ƙofofi da ss -ltnp. Idan wata manhaja, kamar Apache, ta riga ta kama ƙofar da aka ƙara a saiti, nginx ba za ta samu shiga ba, kuma gwajin farko ba ya kama wannan.

4. Tabbatar an gyara fayil ɗin da ya dace. A Debian da Ubuntu, abin da ke sites-available ba ya aiki sai an haɗa shi da sites-enabled. Umarnin nginx -T yana nuna duk saitin da za ta karanta.

5. Duba /run/nginx.pid. Lambar manhajar na ciki. In ya ɓace, sigina ba ta da inda za ta je.

Abin lura

Umarnin systemctl daemon-reload daban yake: fayilolin systemd yake sake karantawa, ba saitin nginx ba. Kada kuma a garzaya ga restart kafin gwaji ya yi kyau, domin shi yana kashe manhajar ne tukuna. Ƙa'idar ɗaya ce ga sauran: apachectl configtest ga Apache, named-checkconf ga BIND, sshd -t ga SSH. A wannan na ƙarshe, kuskure na iya rufe wa mai kula hanyar shiga sabar daga nesa.