mRNA

mRNA, wato RNA ɗan aike, sinadari ne da ke ɗauko kwafin umarni daga DNA ya kai wa ribosom, wurin da ƙwayar halitta take haɗa furotin. A jikin ɗan Adam, mafi yawan DNA yana cikin cibiyar ƙwaya ne, ba ya fita, don haka mRNA ne ke fitar da saƙon. Masana uku, Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson, suna cikin waɗanda suka tabbatar da samuwarsa a shekarar 1961.

Yadda yake aiki

Ana rubuta saƙon mRNA da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da A, U, G da C. Ribosom yana karanta su uku-uku, kuma kowane rukuni na uku ana kiransa kodon. Kodon 64 ne gaba ɗaya: 61 suna nuni ga amino asid iri 20 da ake gina furotin da su, sauran uku kuwa, UAA da UAG da UGA, alamar tsayawa ce. Karatun yakan fara ne daga AUG. Yadda amino asid suka jeru shi ke sa furotin ya naɗu ya ɗauki siffarsa, siffar kuma ita ke ba shi damar yin aikinsa.

Tasirin sauyi

Idan harafi ya sauya a DNA, mRNA zai kwafo shi yadda ya same shi. Wani sauyin ba ya yin illa, domin amino asid ɗaya yakan sami kodon fiye da ɗaya. GAA da GAG duk abu guda suke nufi. Wani kuma yakan kawo amino asid dabam, ko ya haifar da alamar tsayawa tun aiki bai ƙare ba, furotin ya fito guntu. Idan harafi ɗaya ya ƙaru ko ya faɗi, lissafin uku-uku yakan rikice daga nan har ƙarshe.

Sikila

Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, daga sauyin harafi ɗaya take tasowa. A saƙon da ke gina sashen beta na hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, GAG yana komawa GUG, sai balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na shida. Idan oksijin ya yi ƙaranci, irin wannan hemogulobin yakan manne wa juna, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Wanda ya gaji sauyin daga mahaifi ɗaya kawai shi ne AS, wanda ya gada daga uwa da uba kuwa SS. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, shi ya sa ake ƙarfafa yin gwajin jini kafin aure.