Kaifin Kibiya: Daga Dafin Kwankwani Zuwa Dutsen Ishi

Maharban ƙasar Hausa na da ba su cika damuwa da kaifin bakin kibiya ba. Tsini suke nema da kunnuwan da ke hana ta fita, domin dafin kwankwani da aka shafa shi ke tsayar da zuciyar dabba. Kibiya ta huda fata, dafi ya ƙarasa aiki.

Inda ba a shafa dafi kuwa, zubar jini ce ke kashewa, don haka komai ya rataya a kan kaifi. A 1911, Ishi, mutum na ƙarshe daga ƙabilar Yahi, ya fito daga dajin Kalifoniya a Amurka. Likitansa, Saxton Pope, ya koyi harbi a wurinsa, daga baya ya gwada bakin kibiya irin na Ishi, na baƙin dutse mai kama da gilashi, da na ƙarfe. Na dutsen ya fi nutsewa cikin nama.

Dalili a fili yake. Kaifi yanke jijiya yake yi, dakusasshen baki kuwa ture ta gefe yake. Kuma yanka mai sumul ya fi daɗewa yana zubar da jini. Shi ya sa maharban yau ke wasa bakin har ya aske gashin hannu. In bai kai haka ba, barewa ta tsere da rauni, ta sha wuya, ta mutu mushe a daji, maharbi ya koma gida hannu rabbana.