Daga Tuɓe Riga Zuwa Keken Tela

A da, idan samari suka hallara filin ƙwallo a garuruwa irin su Kademi, ta ƙasar Gaya, rabon ƙungiya ba ya cin ko kwabo. Ɓangare ɗaya ya tuɓe riga, ɗayan ya bar tasa, wasa ya kankama.

Kafuwar Kano Pillars a 1990, da kofunan gasar Najeriya da ta ɗauka a 2008, 2012, 2013 da 2014, sun ƙara wa matasan karkara sha'awar kayan wasa masu launi iri ɗaya. Sai aka koma ga gwanjon Ƙofar Wambai da yadin Kantin Kwari.

Matsalar ita ce awo. Rigar atisaye mara hannu da aka yanka wa ƙaton Bature takan zame wa yaro ɗan shekara 14 tamkar 'yar shara, abokin karawa ya cafke ta da sauƙi. Nan telan gari ya shigo. Yakan rage faɗin kafaɗa, ya tsuke hammata, ya ɗinka roba a gefe, yadda riga ɗaya za ta zauna wa siriri da kakkaura. Yadin shara-shara aka fi so, domin iska ta ratsa lokacin zafin bazara.