Tukunyar Kunu, Tukunyar Giya, Da Asalin Firij

Wannan makon na ɗan jingine littafinmu, zan ɗauko muku wani tarihi da na ci karo da shi. Kada wani ya ga sunan giya ya ce Hajiya ta sauka daga layi. Giya haramun ce, ban taɓa kai ta baki ba, amma tarihi ba ya wari.

Ina amarya na fara dama kunun zaƙi. Saboda ɗoki, sai na juye ɗanyen ƙullun da ke da dankali a cikin dafaffen tun yana tururi. Washegari kunu ya tashi lami. Surukata ta kurɓa ta ajiye ludayi, ta ce, "'Yar nan, ai sai ya sha iska ake haɗawa." Sai bayan shekaru na gane cewa wannan matsalar ce ta hana masu dafa giya na Turai barci tsawon ƙarnoni.

Ga yadda abin yake. Wanda zai dafa giya daga tsabar hatsi zalla yakan jiƙa sha'ir ya yi tsiro, ya busar, ya ɓarza, sannan ya tsuma shi a ruwan ɗumi kamar awa guda. A cikin tsiron akwai wasu sinadarai, irin na dankalinmu, masu juya garin hatsi ya koma sukari. Suna aiki ne tsakanin digiri 62 zuwa 72. In zafi ya haura 78 sun mutu, in ya yi ƙasa sosai sai su yi lalaci. Shi ya sa ɗan koyo yakan yi asarar tukunyarsa ta farko.

Mutanen da ba su da ma'aunin zafi. A Ingila sukan tafasa ruwa su jira tururi ya lafa, sai mutum ya leƙa ya hango fuskarsa a ciki, sannan a zuba tsiro. A 1758 ne wani mai wannan sana'a a Landan, Michael Combrune, ya fitar da littafi yana kira a riƙa auna zafin da ma'auni.

Sauran rabin wahalar kuma sanyi ne. Bayan an dafa an tace, yis ɗin da ake zubawa ba ya son zafi, in ba haka ba abin ya yi tsami. A Bafariya ta ƙasar Jamus ɓarnar ta yi yawa, har a 1553 sarkinsu Albrecht na Biyar ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Sai suka koma haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, suna saro ƙanƙara daga tafkuna lokacin hunturu suna jibgewa, suna dasa itatuwa a sama don inuwa. Shekarar da sanyi ya yi ƙaranci kuwa, jari ya narke.

Wannan fargabar ce ta sa mai kamfanin Spaten a birnin Munik, Gabriel Sedlmayr, ya ɗauki nauyin wani malamin injiniya, Carl von Linde, wanda ya kafa masa injin sanyaya kaya a 1873. Daga nan injin ya bazu zuwa mahauta da masana'antun ƙanƙara, ya zama ɗaya daga kakannin firij ɗin da ke ɗakunanmu.

To kun ji. Ruwan sanyin da muke rububi da shi lokacin buɗa-baki, da allurar rigakafin yaranmu da ake adanawa a asibiti, duk suna da alaƙa da wannan tsohon yaƙi da zafi. Ni dai tun daga ranar nan ban sake haɗa kunu ba sai na tsoma ɗan yatsa na ji. Mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya, in Allah ya kai mu.