Noman tumatir a kife

Noman tumatir a kife wata dabara ce ta shuka tumatir a cikin bokiti ko jakar da ake ratayewa, inda tsiron ke fitowa ta gindin mazubin, saiwoyinsa na sama, ganyensa kuma yana reto a ƙasa.

Dabarar ta yi tashe ne a Amurka, musamman a tsakanin mazauna gidajen bene waɗanda ba su da filin shuka. Wani Ba'amurke mai suna Bill Felknor ne ya ƙirƙiro jakar da ake kira Topsy Turvy, wadda mujallar Time ta sanya cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙire na shekarar 2005. Tallace-tallacen talabijin sun sa an sayar da miliyoyinta a shekarun da suka biyo baya.

Sai dai ba dole ne a sayi jakar ba. Bokitin roba mai cin lita 20 ya wadatar.

Akan huda gindinsa da faɗin kimanin santimita 5, a zura saiwoyin dashen ta hudar, a tare bakinta da soso ko takarda don kada ƙasa ta zube. Daga nan sai a cika bokitin da ƙasa mara nauyi wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a rataye shi a inda zai samu rana ta aƙalla sa'o'i 6 a kullum.

Amfanin dabarar a fili yake. Ba a buƙatar sandar tokare tsiron, babu ciyawar da za a nome, kuma 'ya'yan ba sa taɓa ƙasa balle su ruɓe. Idan an yi amfani da ƙasa mai tsabta, ana kauce wa ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu.

To amma shi tumatirin ba ya yarda da zama a kife. Halittar tsiro ce karansa ya nufi sama, saboda haka cikin 'yan kwanaki yakan lanƙwasa ya ɗago kai. Idan 'ya'ya suka yi nauyi, ko iska ta taso, a wannan lanƙwasa karan yakan karye. Shi ya sa irin tumatir mai ƙananan 'ya'ya ya fi dacewa da wannan noma.

Babbar matsalar dai ita ce ruwa. Ƙasar da ke rataye tana saurin bushewa, har ta kai ga ban ruwa kullum, wani lokacin sau biyu. Baƙin bokiti kuma yana tara zafin da ke wahalar da saiwa. Bokitin da ya sha ruwa kan kai kilo 20, nauyin da ƙusa ɗaya a jikin bango ba za ta ɗauka ba.

Haka kuma rataya ba ta kare tsiron daga ƙwarin da ke tashi. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya a 2016 har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman, daga ƙwan wani ƙaramin malam-buɗe-littafi take fitowa, kuma yakan saka ƙwan a kan ganye ko ina yake.

Dangane da yawan amfani kuwa, tumatirin da aka shuka a tsaye cikin bokiti mai girma ɗaya yakan yi daidai da na kife, ko ma ya fi shi. Ribar dabarar tana ga wanda ba shi da wurin ajiye bokitin a ƙasa, ko wanda awaki da kaji suka hana shi shuka a tsakar gida.