Diwali: Tarihin Bikin Fitilu na Mabiya Addinin Hindu

Diwali, ko Dipawali, biki ne na kwana biyar da mabiya addinin Hindu suke yi kowace kaka, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Yana cikin manyan bukukuwan Indiya, kuma an san shi da jera fitilun kasko a ƙofofi da tagogi da bakin kogi. Mabiya addinan Jain da Sikh ma suna yin sa, kowa da dalilinsa. A wurin masu bikin, fitilar alama ce ta rinjayen haske a kan duhu, da ilimi a kan jahilci, da alheri a kan sharri.

Lokacinsa da tushensa a noma

Babban daren bikin shi ne daren ɓatan wata a watan Kartika na kalandar Hindu, lokacin da duhu ya fi tsanani. Kalandar Hindu tana bin wata, amma ana ƙara mata wata guda kusan duk shekara uku domin ta daidaita da tafiyar rana. Shi ya sa Diwali ba ya zagaya shekara kamar yadda azumi da Sallah ke yi, kullum a kaka yake faɗowa.

Masana tarihi da dama suna ganin asalinsa shagalin kaka ne. Damina ta ɗauke, an girbe shinkafa, rumbu ya cika, manomi yana shirin shuka alkama. Manomin Kura ko Bunkure ba zai rasa gane wannan lokaci ba, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka faɗaɗa filayen noman rani na Kadawa, a irin waɗannan makonni yake yankan shinkafar damina yana gyara fili don alkama da tumatir. Kuɗi na shigowa hannu, ana biyan bashi, ana sayen sabon kaya. A kan wannan tushe ne labaran addini suka hau, kowane yanki da nasa.

Labaran da ake jingina bikin da su

A arewacin Indiya ana tuna komowar abin bautarsu Rama birnin Ayodhya, tare da matarsa Sita da ƙaninsa Lakshmana, bayan shekara 14 a daji da kuma nasararsa a kan Ravana, sarkin Lanka. Labarin ya ce mutanen gari sun kunna fitilu don tarbarsa. A kudu kuwa, kisan da abin bautarsu Krishna ya yi wa azzalumin sarki Narakasura ake tunawa, kuma da asuba ake farawa, da shafa mai da wanka.

Wadda ta fi samun girmamawa a yawancin gidaje ita ce Lakshmi, abar bautar da suke danganta wa arziki da wadata. A imaninsu, a wannan dare take zagaya gidaje, ta shiga wanda ta tarar a share da haske, ta wuce mai duhu da ƙazanta. A Bengal, wata abar bautar mai suna Kali ake bauta wa a daren. A Nepal, inda ake kiran bikin Tihar, har hankaka da kare da saniya suna da ranakunsu na karramawa.

Mabiya Jain suna tuna ranar da malaminsu Mahavira ya bar duniya a Pawapuri, a shekara ta 527 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bisa lissafinsu. Su kuwa Sikh suna tuna sakin jagoransu na shida, Guru Hargobind, daga kurkukun Gwalior a zamanin Sarki Jahangir, inda aka ce ya ƙi fita sai da aka sako sarakuna 52 tare da shi.

Bikin a rubutaccen tarihi

An ambaci bikin fitilu na Kartika a littattafan Padma Purana da Skanda Purana. Wasan kwaikwayon Nagananda, wanda ake jingina wa Sarki Harsha na ƙarni na 7, ya yi maganarsa, haka ma marubuci Rajasekhara, wanda ya bayyana yadda ake shafe gidaje da farar ƙasa a ƙawata tituna da kasuwanni da fitilu. Malamin Musulunci Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa kan Indiya da ya rubuta wajen 1030, ya kawo bikin da lokacinsa da al'adunsa. Matafiya daga Turai, irin su Niccolò de' Conti a ƙarni na 15 da Domingo Paes da ya ziyarci daular Vijayanagara a ƙarni na 16, su ma sun rubuta abin da suka gani.

Sarakunan Mughal, waɗanda Musulmi ne, sun sha bamban a kansa. Akbar, da ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya bari ana yin sa har a fada. Aurangzeb kuwa ya ba da umarnin taƙaita shagulgulansa a 1665.

Kwanaki biyar

Ranar farko, Dhanteras, ta sayayya ce: zinariya, azurfa, ko sabuwar tukunya ga mai ƙaramin ƙarfi. Ta biyu ita ce ta tuna halakar Narakasura. Ta uku ce babbar rana. Mata suna zana ado a ƙofar gida da garin shinkafa mai launi da furanni, a zuba man shanu ko man riɗi a kasake a sa lagwani, iyali su taru da magariba su yi addu'o'insu ga Lakshmi da wani abin bautarsu mai suna Ganesha, sannan a raba kayan zaƙi ga dangi da maƙwabta, a fita wasan wuta. Rana ta huɗu ana tara abinci iri-iri tsibi guda a wuraren bauta don tuna Krishna da dutsen Govardhan. Ta biyar ta 'yan'uwa ce: mace ta karɓi ɗan'uwanta, ta sa masa alama a goshi, ta yi masa fatan tsawon rai, shi kuma ya ba ta kyauta.

Ga 'yan kasuwa, musamman na Gujarat, Diwali ƙarshen shekarar ciniki ne. Ana rufe tsohon littafin lissafi, a yi wa sabo addu'a kafin a fara rubutu a ciki. Har kasuwar hannayen jari ta Mumbai takan buɗe na kimanin awa ɗaya ranar bikin don neman sa'a.

Bazuwarsa da matsalolinsa

Daga 1834 zuwa 1917 Turawan Ingila sun kwashi 'yan ƙwadago daga Indiya zuwa gonakin rake: Mauritius, Guyana a 1838, Trinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Fiji a 1879. Da bikinsu suka tafi, kuma a yau ranar hutu ce a Mauritius, Fiji, Guyana, Trinidad da Tobago, Singapore da Malesiya. Korar Indiyawa da Idi Amin ya yi daga Yuganda a 1972 ta kai dubbai birnin Leicester na Ingila, wanda ya yi suna da shagalin Diwali. A Amurka, Barack Obama ya kunna fitilar bikin a fadar White House a 2009. A Ayodhya kanta, an kunna fitilu sama da miliyan biyu da rabi a bakin kogin Sarayu a 2024.

Babbar matsalar bikin a yau hayaƙi ne. Wasan wuta yana haɗuwa da ƙona karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke yi don hanzarta shuka alkama, iskar Delhi ta gurɓace. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta taƙaita wasan wutar zuwa awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, amma aiwatar da hukuncin ya ba hukumomi wahala.

A Najeriya

'Yan kasuwar yankin Sindh ne suka fara kafa harkokin Indiyawa a ƙasar nan, irin su gidan Chellaram da ya buɗe a Legas a 1923. Daga baya malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi suka zo Arewa, musamman a shekarun 1970. Indiyawan Legas da Kano suna yin Diwali a gidajensu da wuraren taronsu, ba tare da hutun gwamnati ba.

Yawancin Hausawa kuwa ta majigi suka san bikin. Tun shekarun 1950 masu gidajen silima 'yan Labanan suke kawo finafinan Indiya Kano, kuma a cikinsu ake ganin jerin fitilu da tiren furanni, kamar a farkon fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001. Lokacin Diwali ne ma kamfanonin Mumbai suka fi so su saki manyan finafinansu, ciki har da Dilwale Dulhania Le Jayenge da ya fito a Oktoban 1995.